Yadda za ka koma injin yankan ciyawa mai ganga in kana son gazon ɗinka ya kwanta kamar darduma

Duk wanda ya shigo gidana nan Ali Ɗan Sofo abin da yake fara yi shi ne ya duƙa ya shafa ciyawar tsakar gida da hannu, wasu ma sai sun ce ai roba ce irin wadda ake shimfiɗawa. Ba roba ba ce wallahi, kirikiri ce, ita dai wagga kirikiri da muka sani da manoman fadama ke faɗa da ita cikin lambu, wasu su ce tsarkiyar zomo. Abin da ya bambanta ta shi ne yadda ake yankan ta da kuma irin injin da ke yankan. To tunda tambayar ta yi yawa na ga gara in zauna in rubuta abin da na sani, da wanda na koya da daɗi da wanda na koya da asara, don wanda ke da niyya kada ya zuba kuɗinshi a banza.

Inji iri biyu ne. Akwai wanda kowa ya sani mai wuƙa guda a ƙasa tana juyawa kamar fanka, shi nake kira mai fanka, wanga sara yake yi da ƙarfin gudu kamar mutum ya sa adda, yana fizge kan ganyen ne ya yayyage shi, shi ya sa kwana biyu bayan yanka in ka duƙa ka duba za ka ga bakin ganyen ya yi fari-fari ya bushe kamar bakin tsumma. Sannan akwai mai ganga, da Faransanci tondeuse hélicoïdale ake ce mishi in za ka nema a intanet, mutanen Ingila kuma silinda suke cewa. Shi wuƙaƙe ne murɗaɗɗu an jera su sun yi kamar ganga a kwance, tana juyawa tana tattaro ganyen tana kai shi bakin wata wuƙa miƙaƙƙiya da ke ƙasa wadda ba ta motsi, sai su datse shi tsakaninsu, daidai yadda almakashin tela ke yanka shadda. Kuma asalinshi ma daga wajen tufa ya fito, wani Bature Edwin Budding ne ya ƙera na farko a 1830 kusa da garin Stroud a Ingila, bayan ya ga injin da ke aske gashin yadin ulu a masaƙa. Da mai fanka da wuya ka sauka ƙasa da santimita 2 da rabi ko 3 ba ka fara kwasar ƙasa ba, shi kuwa mai ganga yana sauka har milimita 10 ko ƙasa da haka lafiya lau, filin tanis na Wimbledon milimita 8 ake yanke shi, amma kada ma ka sa wannan a ranka don irin ciyawarsu ta ƙasar sanyi ce, ba za ta kai watan Afrilu a Maraɗi ba.

Kafin maganar sayen inji ɗan'uwa, tsaya ka duba abu uku a gidanka, don in babu su injin ba zai yi maka komi ba sai ɗaukar wuri a magaza. Na farko rana. Kirikiri ba ta son inuwa ko kaɗan, in filin naka ƙarƙashin dogon yaro ne ko mangwaro ko gefen katanga da rana ba ta sauka sai awa biyu, to tana yin tsayi ne ta yi siriri tana neman haske, in ka aske ta ƙasa sai ta mutu ta bar maka ƙasa tsirara. Na biyu ruwa. Ka riƙe wanga lissafi, milimita guda na ruwa bisa mita ɗaya murabba'i lita guda ce, ni nawa filin bai wuce mita 10 bisa 8 ba amma cikin bazara, Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke wuce 40, sai na zuba mishi lita ɗari huɗu ko fiye a rana, kuma gajerar ciyawa ta fi doguwa saurin nuna ƙishi. In da ruwan pampo kaɗai ka dogara kuma unguwarku ana jiran ruwa da dare, to ko ka rage girman filin ko ka haƙura, ni ban ga kyan mutum ya shayar da ciyawa maƙwabci na yawo da bido yana neman na sha ba, gaskiya ke nan. Mai foraj da shato shi ne ke da sauƙi. Na uku lokaci, don wanga aiki ba na sau ɗaya a sati biyu ba ne, cikin damina sau biyu ko uku a sati za ka yanka.

To in duka ukun sun samu, aikin farko ba inji ba ne, daidaita ƙasa ne, kuma nan ne mafi yawan mutane ke faɗuwa. Mai ganga bisa rulo yake tafiya, wato doguwar taya mai kamar bututu a kwance, ɗaya gaba ɗaya baya, to duk inda ƙasa ta yi tudu sai wuƙar ta aske wurin ƙwal, inda ta yi kwari kuma ta bar ciyawa tsaye, filin ya koma kamar kan yaron da ɗan koyo ya yi wa aski. Idonka ba zai ga waɗannan ramukan ba muddin ciyawar na da tsayi. Abin da nake yi shi ne in samu ƙarfe miƙaƙƙe irin na magina mai mita biyu ko uku in riƙa ɗora shi a ƙasa ina leƙa ƙarƙashi, duk inda haske ya ratsa in sa alama. Sai a kawo yashin gulbi, amma dan Allah a tankaɗe shi da rariyar magina mai ƙananan ido, don tsakuwa guda kamar ƙwayar gujiya ta isa ta yi wa wuƙarka giɓi. A yanke ciyawar ƙasa da tsohon inji, a zuba yashin, a ja shi da bayan rato ko a ɗaura igiya ga katako mai nauyi a riƙa ja yana cike ramukan, kada kauri ya wuce santimita guda a zubi ɗaya, ka tabbata kan ganyen na leƙowa. A ba shi ruwa sosai yashin ya nutse. Rami mai zurfi sai an maimaita sau biyu ko uku, tsakani a bar sati uku haka ciyawar ta huda ta rufe. Kada ka sa taki na garke a madadin yashi, ruɓewa yake yi ramin ya dawo, ga shi yana zuwa da irin ƙarangiya da tsidau.

Lokacin wanga aiki kuwa farkon damina ne, ƙarshen Yuni zuwa Yuli in ruwa ya zauna, lokacin kirikiri na gudu kamar ana jan ta. Kada ka yi shi cikin Disamba ko Janairu, da sanyi girmanta ja baya yake yi sai yashin ya zauna wata guda a fili iska na kwasa.

Yanzu zaɓen inji. Abin da za ka fara ƙirgawa wuƙaƙen gangar. Mai 5 ko 6 na wanda zai tsaya wajen milimita 20 zuwa sama ne, mai 7 ko 8 shi ne daidai gida, mai 10 ko 11 na filin golf ne inda ake askewa ƙasa sosai, kuma kada ka ɗauka yawan wuƙa shi ne kyau, mai wuƙa da yawa in ciyawa ta ɗan yi tsayi ba ta samun hanyar shiga tsakanin wuƙaƙen sai ya riƙa kwantar da ita yana wucewa. Kirikirinmu ta gida ganyenta da ɗan kauri, tsakanin milimita 15 da 25 ta fi jin daɗi, ni a 18 nake barin tawa. Akwai ƙananan iri da anka haɗa a Amurka kamar Tifway 419 wadda ta fito a 1960, ita tana jure askin da ya fi haka, amma ba ta yin ƙwaya, da reshe ake dasa ta, don haka duk wanda ya miƙo maka ƙwaya a leda ya ce ita ce to ba ita ba ce. Faɗin inji kuma santimita 43 zuwa 51 ya ishi tsakar gida, babba wahalar juyawa gare shi a lungu kuma waɗannan injina da nauyi, ƙaramin ma ya wuce kilo 40, na filin golf irin su Toro da John Deere da Jacobsen suna kai kilo 100. Na gida akwai Allett na Ingila, Swardman na ƙasar Cek, McLane na Amurka. Ka nemi mai rulo a gaba ba mai ƙananan tayoyi ba, taya faɗawa take yi cikin ɗan rami ta sa wuƙa ta ci ƙasa, rulo kuwa hayewa yake yi. Kuma rulon baya ne ke kwantar da ganyen ya fitar da layukan nan da kake gani a filin ƙwallo a talabijin, ba fenti ba ne, haske ne ke faɗawa bisa ganyen da ya kwanta gaba da wanda ya kwanta baya.

Amma shawarar da ta fi kowace a wajena, ka dubi motar da ke bisa injin, wato abin da ke shan isansi yana juya shi. In Honda GX ce to ka huta, don ita ce ko irinta ke bisa motopom ɗin da masu lambu ke ban ruwa da su a Jiratawa da Tibiri da Madarunfa, kowane makaniken motopom ya san cikinta, buji da kabireta da igiyar tayarwa duk za ka samu a kasuwa. Na batir suna da daɗin aiki babu ƙara babu hayaƙi, sai dai in batir ɗin ko katin cikinshi ya mutu sai ka jira daga waje, kuma batir ba ya son zafin ɗakin kwano. In na hannu za ka saya, ta Kano ko ta wani ɗan'uwa da ke Turai, ka sa a ɗauko maka bidiyon gangar ana juya ta da hannu a hankali, a nuna maka kowace wuƙa daga wannan gefe zuwa wancan, a girgiza gangar a ga ko tana da wasa a boris, a nuna bakin wuƙar ƙasa. Mota ana gyara ta ko a canza, amma ganga in ta lanƙwashe ka yi asara. In da hali ka sa a haɗo maka da wuƙar ƙasa guda ta ajiya da bel, kuɗin ɗauko kaya da na duwan sau ɗaya ne.

Kuma kada ka sayar da tsohon mai fankarka. Za ka neme shi ranar da ka yi tafiya ka dawo ka tarar ciyawa ta kai idon sawu, da bayan zuba yashi, don mai ganga ba a sa shi bisa ɗanyen yashi sai ciyawa ta rufe shi.

Inji ya iso, kada ka tayar da shi tukuna. Cire hular buji, wannan ka mai da shi al'ada duk lokacin da hannunka zai kusanci ganga, ko inji a kashe wuƙaƙen nan suna datse yatsa. Samu takarda irin ta kayen 'yan lakwal ka yanka ta siri-siri, ka sa tsakanin ganga da wuƙar ƙasa ka juya gangar a hankali da guntun itace, in saitin daidai ne za ta yanke takardar tsaf kamar almakashi. Ka gwada hagu, ka gwada tsakiya, ka gwada dama, kuma kowace wuƙa. In takardar lanƙwashewa take yi to akwai tazara, akwai noti biyu ɗaya kowane gefe da ke matso da su, ka riƙa juyawa kaɗan-kaɗan kana gwadawa, abin da ake so su shafi juna da ƙyar kana jin ɗan shuu in ta juya. In ka ɗaure da yawa har ganga na juyawa da ƙarfi to ƙarfe ne ke cin ƙarfe, zai yi zafi ya cinye wuƙar kuma ya wahalar da mota. Ni kafin kowane yanka sai na yi gwajin takardar nan, minti biyu ne.

Tsayin yanka kuma kada ka dogara da lambobin jikin inji. Je wajen mai walda ya yanko maka lafiyayyen ƙarfe miƙaƙƙe da zai kai daga rulon gaba zuwa na baya, a huda shi a sa kusa mai zare da noti. Tazarar da ke tsakanin ƙarfen da ƙarƙashin kan kusar ita ce tsayin da kake so, ka auna da mita ka ɗaure. Sai ka kishingiɗa injin baya, ka ɗora ƙarfen ya taɓa rulo biyun, kan kusar ya maƙale bisa bakin wuƙar ƙasa daidai ba matsi ba sako-sako. Ka yi a hagu ka yi a dama, in gefe ɗaya ya fi ɗaya ko da milimita biyu ne za ka ga filin ya yi matakala. In za ka kishingiɗa shi ka rufe makunnin mai, kuma kada ya daɗe a haka don baƙin mai na iya gangarawa inda bai kamata ba.

Sai saukar da ciyawar, kuma a nan sai ka daure zuciya. Ita kirikiri koren nata a sama kawai yake, ƙasan duk kara ne ja-ja, to in ta saba da santimita 5 ka sauke ta zuwa 2 ba abin da za ka gani sai kara. Ranar da na fara yi uwargida ta fito ta tsaya bakin baranda ta ce, Alhaji mi ya samu ciyawar nan, wuta ta ci? Ni kaina jikina ya yi sanyi, na kwana ina tunanin na kashe aikin shekara biyu. Ashe haka ake yi, har ma ana so ka sauka ƙasa da inda za ka tsaya. In 18 kake so to ka sauke zuwa 12 ko 13 a yanka biyu ko uku a jere kana kwashe abin da ya fita, ka zuba taki ka ba ruwa, sannan ka ɗaga injin zuwa 18, sabon ganye zai fito daga ƙasa ya cike wannan tazarar. Nawa kwana goma ya fara kore, sati uku ya rufe ruf, kuma tun da anka fara aske ta ƙasa sai ta daina miƙewa sama ta koma yaɗo gefe tana saƙa kanta, abin da ke sa ta yi laushin darduma ke nan. Wannan ma a damina ake yin shi, kada ka gwada cikin tsakiyar bazara rana ta gasa maka saiwa.

Daga nan ƙa'ida guda ce, kada ka cire fiye da kashi ɗaya cikin uku na tsayin a yanka ɗaya. Mai tsayawa a 18 da ta kai 25 ko 27 lokaci ya yi, kuma a watan Agusta kwana biyu zuwa uku ke nan. In ka bari ta wuce za ka sake faɗawa cikin kara. Ka riƙa canza hanya, yau gabas da yamma, jibi kudu da arewa, wata rana a karkace, in ba haka ba ganyen zai kwanta gefe ɗaya kuma rulo ya yi maka hanya a ƙasa. Tafiya a hankali, injin ne ke jan kanshi kai riƙe shi kawai za ka yi, kada ka danna hannun ƙasa don gaban zai ɗaga. In ka zo juyawa ko za ka ratsa bisa pabe ka saki gangar ta tsaya, ruwan ganyen ne ke sanyaya wuƙaƙen, in tana juyawa babu ciyawa zafi suke yi.

Abin da ba za ka gani ba cikin bidiyon Turawa shi ne ƙura da rairayi irin namu. Mu nan iskar gaban hadari kaɗai ta isa ta shimfiɗa rairayi bisa ganyen, balle hunturu, kuma rairayi ga wuƙa kamar sanfefa ne. Don haka in an yi iska ina ba filin ruwa da marece ƙurar ta sauka, da safe in ganye ya sha iska sannan in yanka. Kuma kafin in tayar da inji sai an bi filin kaf an tsince, 'ya'yan dogon yaro, ƙwallon dabino, murfin kwalba, tsakuwar da yara sunka yi wasa da ita, waya, kusa. Kusa ce ta cuce ni. An yi gyaran rufin baranda, kafinta ya tafi, ɗan wana da ke taimaka mini ya ce Baba na share ko'ina, ban bi baya ba, layi na uku sai na ji ƙau, ganga ta tsaya cak bel na ƙauri. Kusa 'yar santimita biyar ta shiga tsakani ta yi wa wuƙa guda giɓi ta ɗan tanƙwara bakinta. Yanzu duk bayan wani aiki a gidan sai mun ɗaura maganaɗisun tsohuwar sifika a igiya mun ja shi bisa filin, za ka yi mamakin abin da yake kamowa.

Asarar da ta fi ta kusar ita ce wadda ta biyo baya, na kai injin wajen wani mai wasa wuƙa, ya ce Alhaji kawo wannan ai ba komi ba ne, ya sa garanda ya bi wuƙaƙen ɗaya-ɗaya da hannu. Sun yi kaifi kam har suna aske gashi, amma ganga ta daina zama da'ira, wata wuƙa ta taɓa wata ba ta taɓa ba, takarda ta yanku a hagu ta ƙi a tsakiya. Dan Allah kada ka bari kowa ya sa wa gangarka garanda da hannu. Ita ba kaifi kaɗai take so ba, so take duk wuƙaƙen su zama tsayi ɗaya su haɗu da wuƙar ƙasa daga farko har ƙarshe. Wani dattijo mai injin tur, wato injin feƙe ƙarfe, shi ne ya cece ni, ya ɗora ta ya daidaita a hankali kwana biyu, ya ce mini ɗana wannan ba adda ba ce, almakashi ne, shi da abokinshi ake wasa su tare.

Kuma maganarshi ita ce yadda ake wasa ta a gida. Ana samun wani man wasa mai gari-gari kamar yashi, lamba 120 shi ne na kullum, 80 in ta dakushe sosai, in ba ka samu ba man da makanikai ke wasa bawul da shi yana yi, masu kayan mota na sayarwa. Ka cire hular buji, ka cire sarƙa ko bel da ke jan ganga, ka matso da wuƙar ƙasa ta ɗan taɓa, sai a riƙa juya gangar da baya, baya fa ba gaba ba, ko da hannu da sifana ko da injin huda bango a hankali, kai kuma kana shafa man da buroshi mai dogon hannu daga gefe zuwa gefe. Da farko za ka ji ƙara garr-garr, in ta koma shuu ka ƙara mai, minti biyar zuwa goma ya isa. Sannan ka wanke tas kada ka bar ko ɗigo, don in ya saura ka tayar da inji gaba to dakusar da ita zai yi. Ka sake saiti ka gwada takarda. Ni a damina kusan duk wata nake yi, kuma ka sani wannan gyaran baki ne kawai, ba ya miƙe lanƙwasa ba ya cike babban giɓi.

Motar kuma abin da ka sani ne na motopom. Sabuwar Honda a juye baƙin mai bayan awa 20 na farko, daga nan duk awa 100 ko wata shida, ni da ƙurarmu ba na bari ya kai. Filtar iska ita ce ranta, ka buɗe duk sati, soson a wanke da sabulu ya bushe, ta takarda a kakkaɓe kada a sa mata ruwa. Isansin kwalba na bakin hanya a tace shi da tsumma mai tsabta kafin a zuba, in kuma za ka ajiye inji fiye da wata ka rufe makunnin mai ka bar shi ya ci na cikin kabireta har ya mutu da kanshi. Bayan yanka a bari ya huce, a goge ganga da buroshi, a sa giris inda anka yi wurin sa, a rufe shi da buhu a inuwa.

Ciyawar da ake aska haka tana cin taki. Ure kilo guda ga mita murabba'i 100 a wata lokacin da take girma ya isa, gara ma ka raba shi biyu duk sati biyu, a watsa da marece bisa busasshen ganye a bi da ruwa nan take, in ka bari ya kwana ko ka zuba shi tuli wuri ɗaya zai ƙone maka wurin ya yi tabo. NPK 15-15-15 kuma a farkon damina da ƙarshenta. Bayan watsa taki ka yi yanka ɗaya ba tare da kwandon gaba ba don kada ka kwashe ƙwayoyin da ba su narke ba. Sauran lokaci ni ina kwashe abin da na yanka, in ya taru a ƙasa yana yin katifa mai jawo gara, kuma sau ɗaya a shekara ina sa rato mai haƙoran ƙarfe in tsefe mataccen karan da ke ƙasa. Abin da kwando ya tara raguna na so, amma a ba su shi ɗanye nan take ko a baza a inuwa ya bushe, kada a tara shi cikin buhu ya yi zafi ya yi tsami, kuma in ka zuba ure ko maganin ƙwari a kwanakin kada ka ba dabba sam. Aya-aya in ta fito ka tono ta da 'ya'yanta na ƙasa tun tana ɗaya-ɗaya, inji ba ya kashe ta, ta ma fi kirikirin saurin tsayi.

Da sanyi ya shigo wajen Disamba za ka ga kwando ya daina cika, sai ka ɗaga injin da milimita uku ko huɗu ka koma sau ɗaya a sati ko kwana goma, ka rage taki. Cikin Afrilu da Mayu ma a saman nake barin ta wajen 22, ban ruwa da asuba ya jiƙa sosai, sai ruwan sama ya zauna sannan in sake sauke ta in zuba yashi inda ƙafa ta lotsa, musamman bakin baranda inda ake shimfiɗa tabarma a sha shayi.